Duwatsun Ado Daga Abin Da Ake Zubarwa: Amsoshin Tambayoyin Masu Koyo a Gusau

Na daɗe ina haɗa sarƙa, 'yan kunne, jigida da carbi a gidanmu nan Gusau, kuma yawancin kayan aikina ba da kuɗi nake samunsu ba. Tsohuwar kalanda ce, guntayen atamfa daga wurin tela, ƙwallon dabino, murfin kwalba, sakaina. Mata na shigowa koyo bayan la'asar, na nesa kuma ta waya suke tambaya, daga Ƙaura, Tsafe, Talatar Mafara, har da Argungu. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Da mata na fi magana tunda su suka fi zuwa, amma maza masu sha'awar carbi su ma akwai nasu a ciki.

Da gaske takarda za ta iya zama dutsen ado?

Ƙwarai kuwa, kuma da ita nake sa kowa ya fara. Ki sami takarda mai sheƙi mai ɗan kauri, girman wadda ake buga takardun ofis da ita, wato faɗin santimita 21, tsawon kusan 30. A gefen sama ki riƙa ɗiga alama duk bayan santimita 2. A gefen ƙasa ki fara daga santimita 1, sannan ki ci gaba da 2, 2. In kin ja layi daga alamar sama zuwa ta ƙasa, za ki ga dogayen yanka masu faɗin gindi da tsinin kai, kamar takobi. Takarda ɗaya na ba da kusan guda 20.

Ki ɗauki tsinken tsire, ki ɗan shafa masa basilin. Ki ɗora gindin takardar a kai ki fara naɗewa, kina matsewa da babban yatsa, kina lura tsinin ya bi tsakiya. Zagaye biyu na farko ba a sa musu gam, in ba haka ba dutsen zai manne wa tsinken. Daga nan ki shafa kaɗan-kaɗan har ƙarshe, ki riƙe tsinin na ɗan lokaci ya kama. Abin da zai fito mai ciki ne a tsakiya, siriri a baki biyu, kamar ƙwallon aduwa. Guda ashirin ɗin nan in kin jera su sun kai santimita 40, ki raba su da ƙananan duwatsu su kai 45, sarƙar wuya ta samu. Takarda ɗaya ke nan.

Goman farko za su karkace, na kowa haka yake yi. Hannu ne bai saba ba. Kada ki zubar da su, ki ajiye ki gwada da na bayan mako biyu.

Kowace takarda za a iya amfani da ita?

A'a. Kafin almakashi ya taɓa takarda ki duba gaba da bayanta. Kalandunmu da yawa na ɗauke da ayoyi, hadisai, sunan Allah ko na Manzo (SAW), wani lokaci a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Irin wannan ba ta shiga aikina, ko da ɓangaren da zan yanka babu rubutu. Ajiye ta nake yi inda ya dace. Sarƙa ana shiga banɗaki da ita, jigida kuwa kin san inda take zama.

Fastocin 'yan siyasa bayan an gama zaɓe suna da launi mai ƙarfi, kuma in aka naɗe fuskar ba ta fitowa, sai dai zane-zanen kore da ja. Bangon mujalla, takardar talla, kwalin shayi da aka ɓare bayansa, duk suna yi. Jarida da littafin makaranta sun yi laushi, suna shan gam su saki.

Wane gam ya fi, kuma da me ake rufe dutsen don kada ruwa ya ɓata shi?

Farin gam na kafintoci, a ɗan sirka shi da ruwa. Ƙaro yana kamawa da kyau, kuma muna da shi a gida, sai dai yadda ruwa ya narkar da shi kika yi amfani da shi, haka gumi zai sake narkar da shi. Kokon rogo ko na fulawa kuwa gayyatar kyankyaso da gara ne.

Rufin shi ne rabin aikin. Man ƙyallin da kafintoci ke shafa wa katako, marar launi, shi na fi amfani da shi. In duwatsun kaɗan ne, jan farce marar launi ya isa. Ki zura su a zaren fatsa, ki tsoma, ki rataye a inuwa inda iska ke wucewa, ki riƙa motsa su don kada su manne wa juna. Sau uku, kowane sai ya bushe ƙarau kafin na gaba. A waje ake yi, ba cikin ɗaki ba, kuma nesa da murhu, don man nan wuta yake kamawa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da hunturu bushewa ba wuya, amma ƙura na manne wa danshin ta mai da dutsen kamar an birkiɗa shi a yashi, sai ki kifa kwando ki yafa tsohon mayafi. Da damina, musamman Agusta, abin da ke bushewa a wuni sai ya ɗauki kwana biyu. A irin wannan lokaci na taɓa karɓar aikin ƙawayen amarya, sarƙa goma sha biyu, kwana huɗu kafin biki. Na ga sama ta bushe na ɗauka ciki ma haka ne, na ba da su. Ranar kamu zafi ya taso, jan launin ya sauka a wuyan farin leshi na mutum uku. Na mayar da kuɗinsu, na je har gida na ba da haƙuri, amma leshin bai dawo ba, kuma har yau abin na damuna. Tun daga nan in lokaci bai isa ba, ba na karɓar aiki ko nawa za a biya. Gwajina kuma shi ne in jefa dutse ɗaya a kofin ruwa ya kwana, da safe in goga shi a farin ƙyalle.

Me zan saya kafin in fara?

Almakashi mai kaifi, ƙaramar filaya, basilla, rula, gam, man ƙyalli, samfefa, zaren fatsa da zaren roba mai talewa. Sai maƙalan sarƙa da ƙugiyoyin 'yan kunne, waɗannan sababbi ake saye. Ana samunsu a shagunan kayan ɗinki a kasuwar Gusau. Masu sari da yawa Kano suke aikawa, Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari. Kwasar adashi ɗaya ta ƙaramin zubi ta isa. Cikin masu zuwa wurina akwai matan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, ba gona, ba dabba, ba keken ɗinki. Sana'ar da kayanta ke shiga gwangwanin madara guda ba ƙaramin rufin asiri ba ce gare su.

Abin da aka tsinto a bola ba ƙazanta ba ne?

Ni ba na zuwa bola, kuma ba na aika yaro. Tun kafin abu ya kai can nake tare shi. Telan unguwa na tara mini ƙyallaye a buhu, mai shagon lemo na zuba murafe a roba, maƙwabta sun san in ƙwarya ta fashe sakainar tawa ce. Duk abin da ya shigo sai an wanke shi da sabulu da ruwan zafi an shanya. Kwalbar magani, robar maganin feshi na gona da duk abin da ya fito daga asibiti, ko an wanke ba na taɓawa.

Ina son yin carbi da ƙwallaye. Wanne ya fi?

Ƙwallon dabino, kuma azumi ne kakarsa. Ki ajiye kwano kusa da tabarmar buɗa-baki, ki gaya wa yara su daina jefarwa. Kafin Sallah kin tara na carbi da yawa, mai 33 ko mai 99. A wanke, a tafasa don kashe ƙwan ƙwari, a shanya kwanaki har ya bushe, a goge baki biyu da samfefa, sannan a huda. Yana da tauri, don haka ƙaramin injin huda ya fi. In babu, siririyar ƙusa da aka gasa a wuta aka riƙe da filaya tana yi, sai dai a hankali. In an gama a murza shi da man kaɗanya a tafin hannu. Carbin dabino yana ƙara kyau da yawan jansa a hannu, bayan shekara sai ki ga ya yi duhu yana sheƙi, abin da na roba ba zai taɓa yi ba.

'Ya'yan tsamiya sun fi sauƙi: tafasa kaɗan na sa su yi laushi basilla ta shige. In suka daɗe a ruwa ɓawon na saɓulewa, kyan ya tafi. 'Ya'yan kuka da ƙwallon magarya na yin kyau a matsayin 'yan tsakani. Sarkinsu duka ƙodagon goruba ne. Cikinsa in ya ƙosa fari ne fat, mai tauri kamar hauren giwa, har maɓallan riga an yi da shi a da. Sai da zarto ake yanka shi, aikin mai haƙuri ne, amma dutse ɗaya daga cikinsa a tsakiyar sarƙa ya isa ya ɗaga darajarta.

Zaren carbi a yi da na ɗinkin takalmi, a ja shi a kan kakin zuma. Zaren fatsa na yanke ƙwallo a hankali, kuma ba ya kwanciya a hannu.

Idon zakara fa? Ai ya fi su duka kyau.

Ya fi su kyau, ja wur da ɗigon baƙi, kuma ba ya shiga gidana. Akwai guba mai kisa a cikinsa. Ɓawonsa mai tauri ne ke tsare ta, hudawar da za ki yi kuwa ita ce buɗe mata ƙofa. Allurar da ta shiga cikinsa za ta iya sukar yatsanki, sarƙar za ta iya tsinkewa yaro ya tsinta ya tauna. Ƙwaya ɗaya da aka tauna da kyau na iya yin ajali. 'Ya'yan zurma ma haka, masu zane kamar an yi musu ado, da na bini-da-zugu. Duk ƙwayar da ba ki san itacenta ba, ki bar ta inda kika gan ta.

Wane ƙarfe zan iya amfani da shi?

A nan nake so a saurare ni da kyau, domin mu mutanen Zamfara ba labari aka ba mu ba. A shekarar 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara ankarar da duniya. Dalili shi ne duwatsun zinare da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa suna ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida, ta bi hannun yara, ta shiga baki. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, waɗanda suka rayu wasunsu da lahani a ƙwaƙwalwa. Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Iyayen nan neman abinci suke yi a cikin gidajensu, kamar yadda muke yi, ba su san abin da suka shigo da shi ba.

To dalmar nan tana nan cikin tarkacen da ake sha'awar sarrafawa. Tana cikin batirin mota da na babur, tana cikin nauyin da masunta ke ɗaura wa taru, tana cikin abin da masu gyaran rediyo ke narkarwa su liƙa waya, tana cikin wasu tsofaffin fenti. Tana da sauƙin narkewa da lanƙwasawa, shi ya sa take jan hankalin mai koyo. Alamarta: ta fi girmanta nauyi, ƙusa na karce ta ba wahala, in kika goga ta a takarda tana barin zane kamar fensir. Kada ki narka, kada ki goge da samfefa, kada ki rataya wa kowa. Ga yaro babu wani ɗan adadi na dalma da ake cewa ba komai.

Abin da nake amfani da shi wayar jan ƙarfe ce daga mataccen fanka ko guntayen wayar wuta da mai haɗa wutar gida ya rage. Da reza ake feɗe robarta, ba a ƙonawa, hayaƙin cuta ne. Ki san kuma a hannun wa kike saye; wayar da aka kawo miki da araha tsakar dare, wata unguwa ce aka bari cikin duhu. Gwangwanin lemo na yankuwa da almakashi, ana yin ganye da fure da shi, amma sai an naɗe bakin ko an goge, yana yanka kamar reza.

Wuyana ya yi kore bayan na sa sarƙar waya. Cuta ce?

Jan ƙarfe ne ya haɗu da gumi, sabulu na wankewa. A shafa wa wayar jan farce marar launi. Ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne daban ne, wannan jikin ne bai karɓi ƙarfen ba, a cire. Shi ya sa ƙugiyar da ke shiga huda ba na yin ta da tarkace.

Robar lemo da ledar fiya wata fa?

Ki duba gindin robar, akwai lamba cikin alama mai kusurwa uku. Robar ruwa da ta lemo lamba 1 ce. Ki yanka ta tsiri-tsiri, ki yi mata launi ta ciki, ki naɗe a tsinke ki riƙe da filaya, ki tsoma cikin tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, sannan cikin ruwan sanyi. Za ta ƙame a yadda kika naɗe ta, tana ɗaukar ido kamar gilashi. Tukunyar wannan aiki daban take, ba ta komawa girki. Mai lamba 3, irin ta bututun ruwa, ba a kai ta kusa da wuta. Ledar fiya wata a yanka ta zare-zare a yi saƙar kwarashi, tana yin awarwaro da 'yar jaka. Tsohon silifas in an wanke aka huda shi da bakin ƙaramin bututu yana ba da 'yan faya-fayai masu kyau na jigida.

Zan iya narka kwalba in yi duwatsu kamar na Bida?

Ba a tsakar gida ba. Masaga na Bida a Jihar Neja gadonsu ne, suna narka kwalabe a murhun ƙasa da zugazugi, su naɗo narkakken gilashin a sandar ƙarfe su fitar da dutse ko awarwaro. Mutanen Krobo a Ghana kuma daka kwalbar suke yi ta zama gari, su zuba a 'yan ramukan yumɓu, su soka tsinken ganyen rogo a tsakiya, in an gasa tsinken ya ƙone ya bar huda. Dukansu na buƙatar zafin da murhun girki ba ya kaiwa, da shekaru na koyo a gaban gwani. Garin kwalba na cin huhu da ido, kuma mun riga mun ga abin da dakan da ba na abinci ba ke yi in ya shigo turmin gida. Ki sayi na Bida ki haɗa da naki. Uku a cikin sarƙar takarda suna ba ta nauyin da take buƙata ta kwanta a ƙirji.

Wai ba sana'ar Turawa ba ce aka kawo mana?

Naɗin takarda matan Yuganda ne suka yi suna da shi a wannan zamani. Amma mai da abin yarwa abin ado namu ne tun kaka da kakanni. Jigidar kakata baƙa ce, ta ɓawon ƙwallon kwakwa da aka goge ɗaya bayan ɗaya, kafin ta roba ta cika kasuwa. Murjani da tsakiya na masu hali ne, sauran mata da abin da ke kusa suka yi kwalliya. Dukawa ba su taɓa zubar da guntun fata ba, tunda na jar akuyar Sakkwato ko ɗan yatsa ne yana yin tuntu.

Zan iya yi wa jariri?

Ba na yi wa yaron da bai kai shekara uku ba, abin wuya ne ko na hannu. Zare na shaƙewa, dutse na shiga hanci, kunne ko maƙogwaro. In ya shiga kada a sa tsinke a ciro, a tafi asibiti. Bayan kin tashi aiki ki share wurin, ki rufe gwangwaninki ki ɗora a sama.

Kayan Chana sun cika kasuwa da araha. Wa zai sayi nawa?

In kika ce da farashi za ki kara da su, kin faɗi tun ba a fara ba. Injin ne ke zubo su dubu-dubu. Ki nemi abin da injin ba zai iya ba. Mace ta kai atamfarta ɗinki, guntun da ya rage ki lulluɓe murfin kwalba biyu da shi, ki sa ɗan soso a ciki ya taso, ki ɗinke bayan, ki manna fata ko ƙyalle, ki sa ƙugiya. Ga 'yan kunne da babu irinsu a duk kasuwa, sun dace da kayanta zare da zare. Anko na biki, suna, walimar saukar Islamiyya, kayan Sallah, a nan kasuwarmu take. Ki shirya da tela ɗaya mai yawan aikin mata, ki ba dillaliyar unguwa samfuri, ki ɗauki hoto da hasken safe a kan farin ƙyalle ki sa a WhatsApp.

Wajen kuɗi, kuskuren da nake gani kullum shi ne a ce ai kayan kyauta ne, sai a sayar kamar kyauta. Takardar ce kyauta, wunin da kika yi a duƙe ba kyauta ba ne. Ki lissafa gam, mai, zare, maƙali da kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa, sannan ki tambayi kanki nawa za ki samu da a ce wannan lokacin kitso kika yi ko ɗinkin hula. Ki haɗa, ki ɗora riba. Aikin anko kuma a ba da rabin kuɗi kafin ki yanka ƙyalle.

In faɗa wa mai saye da abin da na yi shi?

Ki faɗa. Wata dattijuwa daga wajen Gummi ta taɓa ɗaga sarƙata tana juyawa, ta ce, "Ɗiyata, wagga da mi anka yi ta?" Na ce, "Inna, kalanda ce." Ta ƙwanƙwasa dutsen da farce, ta kai shi kunne ta sake ƙwanƙwasawa, ta ce in ƙara mata biyu na jikokinta 'yan mata. Da na ɓoye ta gano daga baya, ba za ta sake tako gidana ba. Faɗar ma ita ke ba ki damar ki ce kada a yi wanka da ita, kada a fesa mata turare kai tsaye, in an cire a goge gumin a rataye.

Yaya ake auna jigida, kuma me ya sa tawa ke yawan tsinkewa?

Da zare ake aunawa, a tsaye, a daidai inda mai ita ke so ta zauna, ba tare da an shanye ciki ba, sannan a ƙara faɗin yatsu biyu. Wadda ke nesa ta auna da kanta ta aiko da zaren, ko ta ɗora shi a tef ɗin tela ta faɗi lambar.

Tsinkewa kuwa yawanci daga wuri biyu take. Ko bakin wani dutse na da kaifi yana cin zaren, ko ƙullin bai zauna ba. Ki bi hudar kowane dutse mai tauri da tsinin basilla ki kashe kaifin. Zaren roba ki ja shi sau da yawa kafin ki fara zurawa, ya gama talewarsa tun a hannunki, ki ninka shi biyu. Ƙulli uku a kan juna, ɗigon gam a kai, a bar shi ya bushe, sannan a yanke saura a ja ƙullin ya shige cikin dutsen da ya fi faɗin huda. Kafin ki miƙa wa mai ita, ki sa hannu biyu a ciki ki buɗa da ƙarfi sau uku. In za ta tsinke, ta tsinke a kan tabarmarki.